Kwanakin Iri da Tazarar Dashe: Martani ga Mai Cewa Jan Igiya Ɓata Lokaci Ne

Kwanakin baya wani marubuci mai bibiyar harkar noma ya fitar da maƙala a kan manoman shinkafa na Paikon Kore, a ƙaramar hukumar Gwagwalada da ke Babban Birnin Tarayya. Da kishin talaka ya yi rubutun, kuma kishin ya cancanci yabo. Sai dai hukuncin da ya yanke zai iya jawo asara ga mutumin da yake ƙoƙarin karewa. A ganinsa, malaman gona wahalar da manomi kawai suke yi da zancen ƙirga kwanakin iri da jan igiya ranar dashe. Ya kafa hujja uku. Ta farko, irin da ya yi kwana 40 ko fiye a wurin reno ya fi ƙwari, ya fi jure ruwa, kuma da shi iyaye da kakanni suka ci da gidajensu. Ta biyu, gonar da aka cika da shuka ta fi wadda aka bar wa sarari ba da amfani. Ta uku, tsadar taki ce ke cinye ribar manomi, saboda haka duk maganar da ba ta taki ba shagala ce.

Kowace hujja a cikin ukun tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ma take da haɗari. Wanda ya karanta zai gyaɗa kai, ya koma gona ya ci gaba da abin da ke rage masa buhu.

Paikon Kore gari ne na manoma, akasarinsu Gbagyi, tare da Hausawa da Fulani da sauran ƙabilu. Doya da masara da dawa suna tudu, shinkafa tana fadama da bakin rafi. A nan ne kuma ɗaya daga cikin wuraren kiwo huɗu da gwamnati ta keɓe a Babban Birnin Tarayya yake, sauran ukun suna Karshi da Kawu da Rubochi. Ga makiyaya, ga birnin Abuja da ke ta cin ƙasa, ga gidaje da ke ƙaruwa a yankin Gwagwalada. Fadamar da mutum ya gada ba za ta ƙara faɗi ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ƙara abin da yake samu a cikinta, kuma a nan ne kwanakin iri da tazara suke shigowa.

A fara da maganar iyaye da kakanni. Gaskiya ne sun dasa tsohon iri sun kuma girbe abin kirki. Abin da malam marubuci bai duba ba shi ne wace shinkafa suka dasa. Yawancin irin gargajiya na fadama mai dogon zango ne, yakan kai wata 5 zuwa 6, kuma da yawansa ba ya fitar da kai sai rana ta fara gajarta wajen ƙarshen damina. Irin wannan shinkafa ko ta yi kwana 40 a wurin reno, tana da sauran wata biyu ko fiye da za ta yi 'ya'ya a gona. Kakanni sun san irinsu, sun kuma yi masa abin da ya dace da shi.

Yau kuwa abin da ya cika gonakin Najeriya shi ne FARO 44, wadda manoma da yawa ke kira Sipi, da aka fitar a farkon shekarun 1990. Tana nuna a kwana 110 zuwa 120. Masanan shinkafa sun raba rayuwar shuka gida uku. Daga ranar da zangarniya ta fara samuwa a cikin kara zuwa fure, kimanin kwana 35 ne. Daga fure zuwa nuna, kimanin kwana 30. Waɗannan kwanaki 65 kusan ba sa canjawa, ko wane iri ne. In aka cire su daga 115, abin da ya rage wa Sipi na girma da yin 'ya'ya bai wuce kwana 50 ba. Manomin da ya bar ta kwana 40 a wurin reno ya cinye mata mafi yawan wannan lokaci a cikin matsi, sannan ya tuge ta, saiwarta ta tsinke, ta yi kusan mako tana farfaɗowa. Dashe yakan ɗan tsawaita kwanakinta, amma ba ya mayar mata da duk abin da ta rasa. Sai a gan ta ta yi ciki tana 'yar ƙarama, da 'ya'ya kaɗan da gajerun zangarnu. Tamkar yaro ne da aka riƙe a gida har ya kusa balaga, sannan aka kai shi makaranta ana jiran ya kamo sa'o'insa a zango guda.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. 'Ya'yan shinkafa daga gaɓoɓin gindi suke tohowa, ɗaya bayan ɗaya, kuma na farko su ne ke ba da manyan zangarnu, su ne kuma ke sake haifar wasu. A wurin reno mai cunkoso, waɗannan idanun farko ba sa samun haske, sai su mutu ba su toho ba. Tsohon iri kuma dogo ne, don haka mai dashe yakan yanke masa ganye, ya cusa shi can cikin taɓo don kada ya faɗi. Gindin da ya nutse fiye da santimita 3 yana jinkirin yin 'ya'ya. Ƙwarin da marubucin ya gani a jikin tsohon iri ƙwarin kara ne, kuma ba kara ake kai wa kasuwa ba.

Saboda haka ne shawarar da aka saba bayarwa a Najeriya, har da ta Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a jihar Neja, ta tsaya a kan dasa iri mai kwana 14 zuwa 21, ƙwara 2 ko 3 a gindi, a tazarar santimita 20 ta kowace fuska. Santimita 20 kuwa ba wani abin boko ba ne, kusan taƙi ɗaya ne na hannun babban mutum.

Inda marubucin ya fi gaskiya shi ne batun ruwa, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Fadamar Paikon Kore ba Kadawa ba ce ko Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke zuwa ta magudana, manomi ya buɗe ya rufe yadda ya so. Nan ruwan sama ne ke mulki. Markar watan Agusta tana iya shafe gona cikin dare ɗaya, kuma iri mai kwana 12 da ruwa ya rufe masa kai ba zai kai labari ba. Amma a tambayi manomi dalilin da ya sa irinsa ya tsufa, da wuya ya ce don tsoron ambaliya ya bar shi. Abin da aka fi ji shi ne ya zuba iri tun bai gyara gona ba, sai jiran tarakta, sai jiran ruwa ya zauna, sai 'yan ƙwadago suka tafi noman doya da masara, sai kuɗin sallamarsu ya yanke. Tsufan iri galibi tilas ce ta same shi, marubucin kuma ya ɗauki tilas ya mayar da ita hikima.

Maganin wannan tilas ba ya cin kuɗi mai yawa. A gama kaftu da tayar da kunyar tare ruwa kafin a zuba iri, ko a fara su tare. A raba reno gida biyu, tsakaninsu kwana 10, ta yadda in na farko ya wuce lokaci na biyu yana nan daidai. A dasa da wuri domin shuka ta kafu kafin marka, wanda kuma yakan rage ɓarnar ƙwaron nan da ke mayar da ganyen shinkafa kamar na albasa, domin ya fi kama gonar da aka makara. Kwarin da ruwa ke kwanciya a cikinsa kuwa yana da nasa iri: FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, suna iya jure nutsewa har kusan mako biyu. Ba sai an tafi nesa neman misali ba. Tun shekarun 1980 masanin ƙasa ɗan Japan, Toshiyuki Wakatsuki, ya fara aiki da manoman Nufawa a fadamun kewayen Bida kan yin kunya da baje ƙasa da sarrafa ruwa da hannu, a cikin fadamun damina irin na Gwagwalada. Da zarar ruwa ya shiga hannun manomi, ƙaramin iri ya daina zama kasada.

In kuma duk da haka iri ya tsufa, ba a cewa a zubar. A matse tazara zuwa santimita 20 da 15, a ƙara ƙwara zuwa 3 ko 4 a gindi, tunda ba zai yi 'ya'ya da yawa ba. Wannan rage asara ne, ba shi ne tsarin da za a koyar ba.

Hujja ta biyu, ta cika gona da shuka, lissafi ne ke warware ta. Amfanin shinkafa yana fitowa ne daga abu huɗu: yawan zangarnu a fili, yawan ƙwaya a kowace zangarniya, nawa ne suka ƙosa a cikinsu, da nauyin ƙwaya. Tazarar santimita 20 tana ba da gindi 25 a murabba'in mita, wato 250,000 a hekta. A ɗauki misali: kowane gindi ya fitar da zangarniya 12, kowace da ƙosasshiyar ƙwaya 80, ƙwaya dubu kuma na da nauyin giram 25. Hakan giram 600 ne a murabba'in mita, tan 6 a hekta. In tsufan iri ya sa gindi ya tsaya a zangarniya 7, komai bai canja ba, sai amfanin ya sauko tan 3 da rabi. Tsakanin biyun buhu 25 ne na shanshera, in an ƙiyasta buhu a kilo 100. Taki ɗaya aka zuba, gona ɗaya ce, ruwa ɗaya.

Mai cunkusa shuka yana ƙara abu na farko ne ya rage sauran ukun. Shukar da ke gasa da 'yar'uwarta a kan haske takan miƙe siririya, ganyen ƙasa ya bushe, zangarniya ta gajarta, holoƙo ya yi yawa. In an ɗora mata yuriya mai yawa, iska ɗaya ta ƙarshen damina ta isa ta kwantar da ita cikin ruwa. Laimar da ke maƙalewa a cikin cunkoso kuma ita ce abin da cututtukan ganye da na wuyan zangarniya suke so. Gona takan yi kore shar a watan Agusta, mai wucewa ya yi sha'awa, ranar bugu kuma buhu ya ƙi cika.

Wannan ba ya nufin duk yadda aka buɗa tazara haka amfani zai ƙaru. Santimita 30 gindi 11 kacal take bayarwa a murabba'in mita. A ƙasar da ta gaji, ko da irin da ba ya yawan 'ya'ya, shuka ba za ta rufe filin ba, ciyawa ce za ta rufe shi. Ƙasa mai ƙarfi da ƙaramin iri suna ɗaukar santimita 25. Ƙasa mai rauni tana son 20 ko ƙasa da haka. Abin nema shi ne tazarar da aka auna bisa ga ƙasa da iri, a maimakon wadda gajiyar ɗan ƙwadago ta yanke.

Maƙalar ba ta taɓo ingancin tsaba ba ko da layi ɗaya, alhali a nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Gonar da aka dasa barkatai, nan cunkus can sarari, ba ta nuna lokaci ɗaya. Gindin da ya samu fili yana ta fitar da 'ya'yan baya, wanda aka matse ya riga ya bushe. In manomi ya sa lauje da wuri, ɗanyar ƙwaya ta yi yawa, ta fito fara kamar alli, ta murƙushe a injin casa. In ya jira na baya su nuna, na farko sun bushe sun wuce kima, raɓa ta jiƙa su rana ta sake busarwa, sun tsattsage tun suna cikin ɓuntu, wasu sun zube ƙasa, tsuntsaye sun ɗebi rabonsu. Ana son a yanke shinkafa tana da laima kashi 20 zuwa 25 cikin 100, a shanya ta ta sauko 14, kuma wannan ba ya yiwuwa sai gona ta nuna tare. Matan da ke turara shinkafa su kai inji sun fi kowa sanin bambancin: buhu biyu masu nauyi ɗaya, wannan ya ba da doguwar tsaba, wancan ya ba da tsaki. Kamfanonin casa ma sukan rage farashi saboda holoƙo da gauraye. Dashen layi yana ba manomi damar shiga tsakanin shuka ya tuge baƙin iri kafin ya gauraya da nasa, abin da mai yafi ba ya iya yi sai ya tattake gona.

Sai hujja ta uku, wadda ita ce zuciyar maƙalar. Babu mai musun tsadar taki. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashinsa a 2022, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira suka ƙara masa wuta. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan wasu kayan abinci da ake shigowa da su, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, kuma a 2025 manoma suka yi ta kukan faɗuwar farashin shanshera. Shirin lamunin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, da dalar shinkafar da aka jera a Abuja a watan Janairun 2022, duk sun zo sun wuce, amma abin da hekta ɗaya ke bayarwa a Najeriya yana nan wajen tan 2. Kuɗi da taki sun shiga harkar, yadda ake dasawa ne bai canja ba sosai.

Tsadar taki hujja ce a kan marubucin, ba a gare shi ba. Buhun da aka saya da tsada shi ya fi bukatar shukar da za ta iya cinsa. Ƙaramin iri mai lafiyayyar saiwa yana mayar da yuriya 'ya'ya da zangarnu. Tsohon iri da ya riga ya yi ciki ba shi da lokacin yin haka, sai ciyawa da ruwa su raba takin. Ga kuma kuɗin iri: mai yafi yana zubar da kilo 80 zuwa 100 a hekta, mai dashen layi bai kai rabin haka ba. Abin da aka rage a nan ya isa a sayi ingantaccen iri maimakon na kasuwa. Jan igiya yana ƙara aiki ranar dashe, musamman a shekarar farko, wannan gaskiya ne. Amma noman ciyawa a tsakanin layi ya fi sauri nesa ba kusa ba, da fartanya ko da ƙaramin injin turawa, kuma ciyawa ce ke cin mafi yawan ƙwadagon shinkafa.

An gwada abin a wurare masu kama da namu. A Madagaska, wani limamin Katolika ɗan Faransa, Henri de Laulanié, ya tsara wata hanya a farkon shekarun 1980, wadda aka fi sani da SRI: iri mai kwana 8 zuwa 12, ƙwara ɗaya a gindi, tazarar santimita 25, ba tare da barin gona cikin ruwa kullum ba. Gindi 160,000 ne a hekta, irin da ake bukata bai kai kilo 10 ba. A yankin Tumbuktu na ƙasar Mali, ƙungiyar Africare ta gwada hanyar da manoma 60 a ƙauyuka 12 a noman 2008, suka samu matsakaicin tan 9.1 a hekta, filayen da aka kwatanta da su kuma suka ba da wajen tan 5.5. Daga 2014 zuwa 2016 aka faɗaɗa ta zuwa ƙasashe 13 na Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Nijar, ta kai ga manoma sama da 50,000.

Hanyar tana da masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. John Sheehy na cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, shi da abokan aikinsa, sun yi jayayya a 2004 da manyan alƙaluman da ake dangantawa da ita. Christine Moser da Christopher Barrett na Jami'ar Cornell sun nuna a 2003 cewa matalautan manoma da dama a Madagaska sun gwada ta sun bari, saboda tana neman ƙarin aiki daidai lokacin da suke fita ƙwadago don abincin gida. Filayen Tumbuktu ma na ban-ruwa ne, ba na damina ba. Amma a lura da abin da ake gardama a kai. Masanan suna jayayya ne tsakanin kwana 10 da kwana 20, tsakanin santimita 25 da 20. Babu ɓangaren da ya ce a bar irin wata huɗu ya yi kwana 45 a wurin reno, a cusa shi dunƙule-dunƙule ba awo. Matsayin da malam marubuci ya ɗauka ba shi da mai goyon baya a kowane gefe na wannan muhawara.

Manomin Paikon Kore ba ya bukatar ya yarda da marubucin ko da mai yi masa martani. Ya ware fangali biyu masu girma ɗaya a fadamarsa a damina mai zuwa. Ɗaya ya dasa yadda ya saba, ɗaya kuma da iri mai kwana 14 zuwa 21, ƙwara 2 a gindi, taƙi ɗaya tsakani, a kan igiya mai ƙulli. Taki ɗaya, noma ɗaya. Ya buge su daban, ya auna, ya kai kowanne inji daban, ya rubuta abin da ya kashe. Hukumar bunƙasa aikin gona ta Babban Birnin Tarayya tana nan Gwagwalada, Jami'ar Abuja tana da tsangayar aikin gona, kuma babu abin da zai hana su kafa irin waɗannan fangulan gwaji a gonakin manoma, su gayyaci jama'a ranar girbi. Shi kuma malam marubuci, in yana son taimakon talaka kamar yadda rubutunsa ya nuna, ya mayar da alƙalaminsa kan abin da ke sa iri ya tsufa: rashin injin kaftu a kan lokaci, ƙarancin malaman gona, da rashin kuɗin ƙwadago a makon dashe. Waɗannan ne ke bukatar mai yi musu magana kafin ruwan bana ya zauna.